Kiwon Gizo-gizon Tarantula: Tun Daga Gida Ake Gyarawa Ko A Ɓata

Kowane yaro da ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo tun kafin ya san baƙi da wasali, domin da wuya a yi hirar dare ba a ambaci wayonsa da haɗamarsa da wahalar da yake ba matarsa Ƙoƙi ba. Amma gizo-gizo na gaske, wanda ke saƙa a kusurwar ɗaki, ba shi da wannan daraja, da an gan shi sai tsintsiya. Saboda haka mutane da yawa za su yi mamaki in suka ji cewa a Ingila da Jamus da Amurka akwai dubban mutane waɗanda ke fid da kuɗinsu su sayi wani ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula, su kai gida su yi kiwo kamar yadda ake kiwon tantabaru ko aku. Har ƙungiyoyi gare su, irin wadda aka kafa a Ingila tun cikin shekarun 1980, suna buga mujallu suna kuma shirya bukin nuni.

Abin da masu wannan kiwo suka koya bayan hasarar dabbobi masu yawa shi ne, yunwa ba ta cika kashe tarantula ba, domin tana iya yin watanni ba ta ci kome ba. Abin da ya fi saurin hallaka ta shi ne gidan da aka ajiye ta: ko ya yi tsawo ta faɗo, ko ya yi laima ta shaƙe, ko rana ta doke shi ta gasu. Wannan darasi ne mai amfani ga ɗalibin ilmin halittu da zai ajiye irin wannan dabba don nazari, da malamin da ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na makaranta, da kuma duk wanda ya ɗauki nauyin ran wata halitta.

WACE CE TARANTULA?

Sunan ya samo asali ne daga garin Taranto na kudancin Italiya, inda mutanen dā suka yi imani cewa wanda gizo-gizon yankin ya ciza ba zai warke ba sai ya yi ta rawa har ya galabaita. Wancan gizo-gizo wani iri ne dabam, amma sa'ad da Turawa suka isa nahiyar Amurka suka tarar da manyan gizo-gizo masu gashi, sai suka laƙaba musu sunan da suka sani. Yau masana na tara su cikin dangi guda mai suna Theraphosidae, wanda ya ƙunshi iri fiye da 1,000 a Amurka da Afirka da Asiya da Ostareliya da wani sashe na kudancin Turai.

Wadda ta fi duka nauyi ita ce Theraphosa blondi ta dazuzzukan Benezuwela da Giyana da Surinam da arewacin Barazil. Faɗin ƙafafunta yakan kai kusan santimita 28, watau kamar farantin cin abinci, nauyinta kuwa yakan kai kusan giram 170. Amma waɗanda aka fi kiwo ba su wuce tafin hannun babban mutum ba, kamar mai jan gwiwa ta ƙasar Meksiko, daga cikin nau'in Brachypelma, da kuma Grammostola rosea ta busassun yankunan ƙasar Cile a Kudancin Amurka.

Wani abin lura shi ne tsawon rai. Namiji ba ya daɗewa, da ya balaga da wuya ya ƙara fiye da shekara 1 ko 2. Macen waɗannan iri biyu kuwa takan yi shekara 20, wata ma har 30. Ashe ɗalibin da ya sayi 'yar ƙarama yana aji ɗaya na jami'a zai iya kama aikin gwamnati, ya yi aure, 'ya'yansa su shiga sakandare, tana nan cikin akwatinta tana jiran ruwa daga hannunsa.

IRI UKU, GIDA UKU

Kafin a sayi akwati wajibi ne a san irin dabbar da za a sa ciki, domin abincin wani gubar wani. Masu kiwo sun kasa tarantula kashi uku bisa ga yadda take zama a daji.

Kashi na farko su ne masu zama a doron ƙasa, suna fakewa ƙarƙashin dutse ko gungume ko ɗan rami marar zurfi. Ta Meksiko da ta Cile suna cikin wannan kashi, kuma su ake ba sabon shiga shawarar ya fara da su saboda sanyin halinsu. Akwatin da ya dace da su shi ne mai faɗi marar tsawo.

Kashi na biyu su ne masu zama a bisa itace, kamar nau'in Avicularia na Kudancin Amurka da Poecilotheria na Indiya da Sirilanka. Jikinsu bai kai na na farko nauyi ba, suna da saurin hawa, kuma suna saƙa sheƙarsu a kogon itace ko tsakanin ganyaye. Su akwati mai tsawo suke bukata, kamar ninki 3 ko 4 na faɗin ƙafafunsu, da ɓawon itace a jingine tsaye don su hau su yi saƙa a bayansa.

Kashi na uku su ne masu haƙa rami mai zurfi, waɗanda ba su cika fitowa ba sai da dare. Misalinsu shi ne Hysterocrates gigas ta ƙasar Kamaru. Irin wannan in ba a ba ta ƙasa mai zurfin santimita 20 ko fiye ba, sai ta takure a kusurwa ta ƙi ci, ta yi ta kai gwauro da mari tana neman mafaka.

AWO DA TSAWO

Ma'aunin da ake amfani da shi wajen zaɓen akwati shi ne faɗin ƙafafun dabbar, watau daga ƙarshen ƙafar gaba ta gefe ɗaya zuwa ƙarshen ƙafar baya ta ɗaya gefen. Ga mai zama a ƙasa, ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce tsawon ƙasan akwatin ya zama kamar ninki 3 na wannan awo, faɗinsa ninki 2. In faɗin ƙafafunta santimita 14 ne, akwati mai santimita 42 a tsawo da 28 a faɗi ya wadatar. Ba ta bukatar fili fiye da haka, domin a daji ma takan yi shekaru ba ta yi nisa da bakin raminta ba. Idanunta 8 ne, amma ganinta ba shi da ƙarfi, da motsin ƙasa da na iska take gane abinci ya matso. In akwati ya cika girma sai gyaren da aka jefa mata ya ɓace mata.

Awon da ya fi kowanne muhimmanci shi ne tazarar da ke tsakanin shimfiɗar ƙasa da murfi. Tarantula tana da wasu gasu masu laushi a tafin ƙafafunta da ke ba ta damar hawa gilashi, kuma ko mai zama a ƙasa takan hau bango, musamman a kwanakin farko na sabon gida. Cikinta kuwa, watau ɓangaren nan mai kumburi na baya, fatarsa ba ta da kauri, kuma a nan zuciyarta da huhunta suke. In mai nauyi ta suɓuce daga sama ta faɗo kan abu mai ƙarfi, cikin yakan fashe, ruwan jikinta ya tsiyaye, kuma da wuya ta tashi. Don haka ba a barin wannan tazara ta wuce faɗin ƙafafunta sau ɗaya da rabi. Ga dabba mai santimita 14, kada ta wuce 21. In zurfin akwatin santimita 30 ne, sai a cika santimita 10 da ƙasa. Wannan dalili ne kuma ya sa ƙwararru ba su son a riƙa ɗaukar ta a hannu don nuna wa baƙi, gama faɗowa daga tsawon ƙugun mutum ya isa ya kashe ta.

Murfi ma yana da nasa hatsarin. Kowace ƙafa tana da ƙananan ƙumba a ƙarshenta, in murfin na ragar waya ce irin ta tagar sauro, sai ƙumbar ta maƙale, dabbar ta yi ta reto har ƙafar ta cire ko ta faɗo. Murfin roba mai kauri ko na gilashi wanda aka huhhuda shi ne ya fi, kuma lalle ya kasance mai kulluwa, domin tana da ƙarfin ture murfin da aka aza kawai. Ramukan kuwa kada su kai girman da ɓangaren gaba na jikinta zai iya shiga, gama duk inda wannan ɓangare ya wuce sauran jikin zai bi.

SHIMFIƊA DA MAƁOYA DA RUWA

Abin da aka fi shimfiɗawa a ƙasan akwati shi ne niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, ko baƙar ƙasa mai tsabta, ko haɗin su biyu. Sharaɗin shi ne kada ƙasar ta taɓa haɗuwa da takin zamani ko maganin ƙwari. Ba a sa tsakuwa ko ɓurɓushin dutse masu kaifi don kada su goge mata ciki, ba a kuma sa ɓarzar katako mai ƙamshi, domin man da ke cikin waɗansu itatuwa guba ne ga irin waɗannan halittu. A daddanne shimfiɗar da hannu ta yi ƙarfi, saboda tarantula ba ta son taka ƙasa mai zurmawa.

Na biyu shi ne maɓoya. Dabba ce ta dare wadda ba ta son haske, in ba ta da inda za ta shige sai hankalinta ya ƙi kwanciya. Lanƙwasasshen ɓawon itace ko rabin tukunyar ƙasa wanda aka goge bakinsa aka binne gefensa ya isa. Duwatsu masu nauyi da kayan ado masu tsini ba su da wuri a akwatin, gama in ta yi haƙa ƙarƙashinsu za su iya danne ta.

Na uku shi ne ɗan kasko marar zurfi mai ruwa mai tsabta. A dā masu sayar da dabbobi sukan ce a sa soso ko auduga cikin kaskon don kada ta nutse, amma an gane wannan kuskure ne: tana iya shan ruwa kai tsaye, soson kuwa ba ya tara kome sai ƙazanta da ƙwayoyin cuta. Amfanin ruwa gare ta ya wuce kashe ƙishirwa. Waɗansu gaɓoɓin ƙafafun gizo-gizo ba su da tsokar miƙewa, ƙarfin bugun ruwan jiki ne ke miƙar da su. Shi ya sa in ta bushe sai a ga ƙafafunta sun nannaɗe ƙarƙashinta. Mai kiwon da ya ga wannan alama ya san lokaci ya ƙure, sai ya gaggauta kusantar da bakinta ga ruwa.

ISKA DA ZAFI

Tarantula tana numfashi ta wasu huhu 4 da ke ƙasan cikinta, masu falle-falle kamar shafukan littafi. Da yake suna dab da ƙasa, shimfiɗa mai jagwab da iska marar motsi suna cutar da ita, ga funfuna da ƙananan ƙwari da ke yaɗuwa a wuri mai laima. Labarin nau'in Avicularia ya isa misali. Da masu kiwo suka ji cewa daga dazuzzuka masu ruwan sama take, sai suka riƙa toshe ramukan akwati suna fesa ruwa kullum, ƙananan kuwa suka yi ta mutuwa ba a san dalili ba. Daga baya aka lura cewa a bisa itace take zama, inda iska ke kaɗawa ba fasawa, kuma ganye ke bushewa jim kaɗan bayan ruwa. Da aka huda bangon akwati gefe da gefe don iska ta ratsa, aka rage fesa ruwa, sai mutuwar ta ragu.

Kowane iri da gwargwadon danshin da yake so. Ta ƙasar Cile busasshiyar shimfiɗa take so, in ƙasar ta jiƙe sai a gan ta manne da bango ta ƙi sauka. Ta dazuzzukan Giyana kuwa tana son ƙasa mai danshi a ciki, sai a riƙa zuba ruwa kaɗan a kusurwa ɗaya ya gangara ƙasa, a bar saman ya sha iska.

Game da zafi, yawancinsu suna zama lafiya tsakanin digiri 21 da 28 na ma'aunin Salshiyas. Ba su bukatar fitila, kuma ba a ajiye akwatin inda rana za ta doke shi, domin gilashi yana tara zafi cikin 'yan mintoci. A ƙasashe masu sanyi inda ake manna faifan ɗumama na lantarki, a gefen akwati ake sa shi. Dalili kuwa shi ne, in tarantula ta ji zafi ƙasa take haƙawa don neman sanyi, in faifan yana ƙarƙashi to wutar take tunkara.

A Arewacin Nijeriya da Nijar, inda zafin watannin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, matsalar ta juya. Duk makarantar da za ta ajiye irin wannan dabba sai ta nemi ɗaki mafi sanyi, nesa da taga da kwanon rufi, ta ƙara zurfin ƙasa, ta kuma riƙa duba kaskon ruwa kullum lokacin hunturu. Akwai kuma abokan gaba biyu na cikin gida. Na farko maganin sauro ne, na fesawa da na kunnawa, gama abin da ke kashe sauro ba zai bar gizo-gizo ba. Na biyu tururuwa da cinnaka, waɗanda in suka sami hanyar shiga sukan taru su kashe dabbar. Tsohuwar dabarar sa ƙafafun tebur cikin gwangwanayen ruwa tana aiki a nan.

LOKACIN SAƁA

Gwajin gida na gaske shi ne ranar saɓa. Da yake ƙashin tarantula a waje yake, ba ta iya girma sai ta tuɓe tsohuwar fata kamar yadda maciji ke yi. Ƙanana suna yi sau da yawa a shekara, manyan mata kuwa kamar sau ɗaya ko ƙasa da haka. In lokacin ya matso sai ta daina ci, ta yi saƙa kamar tabarma, ta kwanta rigingine ƙafafu sama. Sababbin masu kiwo da yawa sun zaci mutuwa ce suka taɓa ta ko suka jefar, alhali kuwa tana tsakiyar aikin da ya fi kowanne hatsari a rayuwarta. Abin da take bukata shi ne fili shimfiɗaɗɗe da za ta juya, da ruwa a kusa, da kuma a ƙyale ta.

Abincinta gyare ne da kyankyaso da fara, sau ɗaya a mako ko mako biyu ga babba, kuma waɗanda aka kiwata sun fi na kamu, don na waje suna iya ɗauke da maganin feshi. Duk ƙwaron da ba ta ci ba cikin kwana ɗaya a cire shi da dogon hantsaki, domin gyare yana iya gwaguyar ta sa'ad da take kwance ba ta da kariya. Bayan saɓa ana jinkirta abinci mako 1 ko 2 har fiƙoƙinta su koma baƙi su yi ƙarfi. Ba a kuma haɗa biyu a akwati ɗaya, gama ɗayar za ta cinye 'yar'uwarta.

LAFIYAR MAI KIWO

Babu tabbataccen labarin wanda dafin tarantula ya kashe, amma wannan ba dalilin sakaci ba ne. Yawancin na nahiyar Amurka dafinsu ba shi da ƙarfi, makaminsu shi ne wasu gasu masu ƙaiƙayi a bayan ciki, waɗanda suke karkaɗowa da ƙafafun baya in an tsokane su. A shekarar 2010 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga labarin wani mutum ɗan shekara 29 a garin Lids na Ingila, wanda ya yi makonni yana fama da jan ido. Da aka duba sai aka ga ƙananan gasu sun soke a ƙwayar idon, sa'an nan ya tuna cewa tarantularsa ta watso masa su yana share akwatinta. Likitocin sun ba da shawarar a riƙa kare ido wajen irin wannan aiki.

Na Afirka da Asiya ba su da waɗannan gasu, amma sun fi sauri da faɗa, cizonsu kuma yana jawo zafi mai tsanani da murɗewar tsoka har na kwanaki. Cikinsu akwai biyu na Afirka ta Yamma da suka yi suna wurin masu kiwo, watau Heteroscodra maculata ta Togo da Gana, da Stromatopelma calceatum mai zama a bisa itatuwa. Ba a ba wanda bai ƙware ba shawarar ya ajiye su, kuma ɗalibi kada ya sa hannu ya kama wadda bai san irinta ba.

DOKA DA AMANA

Kafin dabba ta shiga akwati akwai tambayar inda aka samo ta. Kwasar mai jan gwiwa daga dazuzzukan Meksiko ta yi yawa har aka sa ta cikin jerin dabbobin da yarjejeniyar CITES ke kula da cinikinsu a shekarar 1985, aka ƙara sauran nau'in Brachypelma a 1995, sa'an nan Poecilotheria a taron Janeba na 2019. Ma'anar wannan ita ce ba a fitar da su daga wata ƙasa zuwa wata sai da takardar izni. An sa hannu a yarjejeniyar a birnin Washintan a 1973, ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen farko da suka amince da ita, ta kuma kafa tata dokar kare dabbobi masu fuskantar ɓacewa a 1985. Da yake macen tana ɗaukar shekaru kafin ta balaga, kowace babba da aka tono daga rami giɓi ce da daji zai daɗe bai cike ba. Saboda haka masu kiwo na ƙwarai ba su sayen kowace sai wadda aka ƙyanƙyashe a hannu.

Tarantula ba ta sanin ubangidanta, ba ta kuka in tana jin ƙishirwa, ba ta kuma da hanyar nuna cewa ƙasar ta jiƙe ko murfin ya yi nisa, sai dai a ga sakamako. Duk abin da daji ke ba ta, na rami da inuwa da raɓa da iska, ya koma wuyan mutum ɗaya da akwati ɗaya. Shi ya sa ƙwararru ke cewa a gama shirya gida, a bar shi ya yi 'yan kwanaki ana duba zafinsa da danshinsa, kafin a kawo mai shiga. Rigakafi ya fi magani, balle ga dabbar da likitocinta ba su da yawa ko a ƙasashen da ake kiwonta. Wanda ya ga ba zai iya riƙe wannan amana shekara 20 ba, ya fi masa alheri ya bar ta a raminta.